Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi (RA): rayuwarsa da yadda ya riƙe ma'aikatansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, ya 'yar'uwa, idan Allah Ya sa wasu mutane a ƙarƙashinka, a ofis ne ko kamfani ko makaranta ko asibiti, ko da ma shago ne mai yara biyu, to tarihin Umar ɗan Khaɗɗabi (Allah Ya ƙara masa yarda) ya shafe ka. An fi sanin sa da jarumta da buɗe garuruwa. Amma mafi yawan shekaru goman da ya yi a halifanci ya yi su ne a Madina, yana naɗa mutane, yana yanka musu albashi, yana bin diddiginsu, yana sauraron ƙarar da ake kawowa a kansu. A nan za mu fi tsayawa.

Umar Baƙuraishe ne daga gidan Banu Adiyyi. An haife shi a Makka kimanin shekara 13 bayan Shekarar Giwa. Ya taso yana kiwon raƙuman mahaifinsa, mutum mai tsanani, wanda yake gajiyar da shi idan ya yi aiki, ya kuma dake shi idan ya gaza. Bayan ya zama halifa ya taɓa ratsawa ta Dajnan, wurin da yake kiwon a kusa da Makka, sai ya tsaya ya ba abokan tafiyarsa wannan labari. Ka riƙe wannan, domin mutum ne da ya san ɗacin aiki a hannun ubangida mai zafi. Ya iya karatu da rubutu a lokacin da masu iyawa a Ƙuraishawa ƙalilan ne, ya yi fatauci, kuma shi ake aikawa jakada idan rikici ya tashi tsakaninsu da wata ƙabila.

Ya musulunta a shekara ta 6 da aiko Annabi (SAW), bayan ya daɗe yana cikin masu tsananta wa Musulmi. Daga musuluntarsa ne suka sami ikon yin salla a fili a wajen Ka'aba. Ya yi hijira, ya halarci Badar da Uhudu da sauran yaƙe-yaƙe, Annabi (SAW) ya auri 'yarsa Hafsa. A zamanin Abubakar (RA) shi ne na hannun damansa. Da ciwon ajali ya kama Abubakar a shekara ta 13 bayan hijira (634 miladiyya), ya shawarci manyan sahabbai sannan ya ayyana Umar. Wasu sun nuna tsoron zafinsa. Abubakar ya fahimtar da su cewa Umar yana tsanantawa ne saboda yana ganin shi yana sassautawa, idan nauyin ya koma kansa zai rage da yawa.

A cikin 'yan shekaru Sham da Iraƙi da Masar da babban yankin Farisa suka shigo hannun Musulmi. Dukiya ta riƙa kwararowa Madina irin wadda Larabawa ba su taɓa gani ba, gwamnoni kuma suna can nesa, tafiyar makonni. Wanda ya taɓa ganin ƙaramar sana'a ta bunƙasa farat ɗaya ya san a irin wannan lokaci ne amana take fara zubewa. Umar ya tari abin da tsari. Ya kafa diwani, wato kundin da aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai karɓa a shekara. Ya sa aka fara ƙirga shekaru daga hijira don a san lokacin kowace takarda. Aka gina Basra da Kufa. A Kufa ya raba aiki: Ammar ɗan Yasir a kan salla da runduna, Abdullahi ɗan Mas'ud a kan baitulmali, Usman ɗan Hunaif a kan awon gonaki. Mai ba da umarni daban, mai riƙe da kuɗi daban.

Idan zai naɗa gwamna yakan gindaya masa sharuɗɗa a gaban shaidu: kada ya hau dokin ƙawa, kada ya ci gari mai laushi na alfarma, kada ya sa tufafi masu santsi, kada ya rufe ƙofarsa ga masu buƙata. Sannan a rubuta abin da ya mallaka a ranar. Idan daga baya aka ga dukiyar ta ƙaru fiye da yadda hankali zai ɗauka, sai a raba ta, wani kaso ya shiga baitulmali. An yi wa Amr ɗan Asi haka a Masar, an yi wa Abu Huraira bayan ya dawo daga Bahrain. Abin da Umar yake gani shi ne kujera da kanta tana jawo wa mai ita riba: a sayar masa da araha, a sayi nasa da tsada, a kawo masa kyauta. Wannan ijtihadi ne na halifa a kan dukiyar jama'a, saboda haka kada wani mai kamfani ya kafa hujja da shi ya ƙwace kuɗin ma'aikacinsa a kan zato. Abin ɗauka shi ne rubutawa tun ranar farko.

Yana da mai bincike, Muhammad ɗan Maslama, wanda yake aikawa ya gano gaskiyar ƙara. Da labari ya zo cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi wa gidansa na Kufa ƙofa da take kange shi daga hayaniyar kasuwa, Ibn Maslama aka tura ya ƙone ƙofar. A lokacin aikin Hajji kuma gwamnoni sukan hallara, a ba talakawa dama su faɗi kukansu a gabansu. Labarin Bamisiren nan da ɗan Amr ɗan Asi ya daka bayan tsere, yana taƙama da gidansu, sananne ne: Umar ya kira uba da ɗa zuwa Madina, ya miƙa wa wanda aka daka bulala ya rama.

Sai dai kada ka zaci duk ƙarar da ta zo gaskiya ce, ko duk wanda ya sauke mai laifi ne. Mutanen Kufa sun kai ƙarar Sa'ad, har suka ce bai iya salla ba, mutumin da yake cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Umar ya kira shi ya ji ta bakinsa, ya aika aka bi masallatan Kufa ana tambaya, kusan ko'ina yabo aka ji. Ya sauke shi don kashe fitina, amma bai bar sunansa a ɓace ba, kamar yadda za ka gani a gaba. Haka da ya sauke Khalid ɗan Walid, ya rubuta wa garuruwa cewa ba don fushi ko ha'inci ba ne, ya ji tsoron kada mutane su jingina nasara ga Khalid su manta da Wanda yake ba da ita. Sau nawa a wuraren aikinmu ake canja wa mutum wuri, shugaba ya yi gum, a bar tsegumi ya cinye mutuncinsa?

Duk wannan tsanani da ba zai karɓu ba in da Umar ya keɓe gidansa. Idan zai hana mutane wani abu yakan tara iyalansa ya gargaɗe su cewa idanun jama'a suna kansu, wanda ya saɓa a cikinsu za a ninka masa hukunci. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa 'ya'yansa biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, sun biyo ta Basra daga yaƙi, sai gwamna Abu Musa Al-Ash'ari ya ba su kuɗin baitulmali rance, su sayi kaya a Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa uwar kuɗin ga halifa su riƙe riba. Da suka iso, Umar ya tambaya ko duk rundunar aka ba irin wannan rance. Aka ce a'a. Ya gane don su 'ya'yan halifa ne, ya ce su kawo uwar kuɗi da riba duka. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi ya yi jayayya, ya ce ai da kuɗin sun salwanta su za su biya. Wani a majalisar ya ba da shawarar a mayar da abin ƙiradi, wato jari daga wani, juyawa daga wani, a raba riba. Umar ya karɓa, baitulmali ya ɗauki rabi. Lura da abu biyu a nan: tambayar da ya fara yi, da kuma yadda ɗa ya ja da shi a bainar jama'a, wani na gefe ya kawo mafita, shi kuma ya sauko. A rabon diwani ma ya ba Muhajirai na farko dirhami 4,000 kowanne, ya ba ɗansa Abdullahi 3,500, da hujjar cewa iyayensa ne suka yi hijira da shi.

Majalisarsa ba ta masu furfura kaɗai ba ce. Ma'abota Alƙur'ani ne abokan shawararsa, tsofaffi da matasa. Yakan zaunar da Ibn Abbas, yana saurayi, tare da dattawan Badar, da wasu suka ji nauyin haka sai ya tambaye su ma'anar Suratun Nasr, fahimtar yaron ta bayyana. Wata rana Uyaina ɗan Hisn ya shigo ya gaya masa magana mai zafi, cewa ba ya kyauta kuma ba ya adalci. Umar ya fusata har ya yi niyyar hukunta shi. Hurr ɗan Ƙais ya tunatar da shi ayar Suratul A'araf da ta yi umarni da yafiya da kau da kai daga jahilai, nan take ya tsaya. A kan hanyar Sham kuwa, a Sarg, da aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansar suka saɓa, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan a koma. Ya yanke komawa duk da Abu Ubaida ya ja da shi. Sai ga Abdurrahman ɗan Auf, wanda ba ya nan da farko, ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take.

Game da haƙƙin ma'aikaci, Umar ba ya son aikin kyauta da zai zama ƙofar ɓarna. Bukhari ya ruwaito cewa da ya ji Abdullahi ɗan Sa'adi yana yi wa jama'a aiki yana ƙin karɓar lada saboda yana da wadata, ya hana shi, ya ba shi labarin yadda Annabi (SAW) ya umarce shi shi ma da ya karɓa, in ya so ya yi sadaka. Kowace Asabar yakan fita unguwannin Awali a gefen Madina, idan ya tarar da bawa a kan aikin da ya fi ƙarfinsa sai ya rage masa. Da bayin Haɗib suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, har an ba da umarnin yanke musu hannu, sai Umar ya lura yunwa ake bar su da ita. Ya juya kan ubangidan. Mai taguwa ya ce ko dirhami 400 ba ya sayar da ita, Umar ya sa aka biya shi 800. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ba lasisin sata ba ne ga ma'aikaci, amma kai da kake riƙe albashin mutane wata biyu, ko ke da kike tashin 'yar aiki tun asuba ba hutu har dare, ku san a gaban Umar da ku za a fara. Har a hurumin kiwo na dabbobin sadaka, umarnin da ya ba ma'aikacinsa Hunayyu shi ne ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya tsare garken Ibn Auf da Ibn Affan, domin su suna da gonakin komawa.

A shekara ta 18, Shekarar Toka, fari ya tsananta a Hijaz, ƙauyawa suka yi ta tururuwa zuwa Madina. Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai mutane sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya canja. Ya rubuta wa gwamnoni suka aiko da abinci, shi da kansa yana cikin masu rabawa.

Ajalinsa ya zo ta hannun Abu Lu'ulu'a, Bamajuse bawan Mugira ɗan Shu'uba, wanda ya taɓa kawo kukan cewa kuɗin da ubangidansa yake karɓa a wurinsa sun yi yawa. Umar ya duba sana'o'in da ya iya ya ga ba su yi yawa ba, mutumin ya ƙullace shi. A ƙarshen Zulhijja, shekara ta 23 (644 miladiyya), ya soke shi yana limancin sallar Asuba, ya kuma soki wasu mutum 13, bakwai suka rasu.

A kwanakin da ya yi yana jinya ya sa aka lissafa bashin da ke kansa, ya kama kusan dirhami 86,000, ya yi wasiyya a biya daga dukiyar iyalansa, in ba ta isa ba a nemi taimakon Banu Adiyyi, sannan Ƙuraishawa. Masu yabo suna ta shigowa, shi kuwa burinsa ya fita daga shugabancin ba a bin sa ba ya bin kowa. Ya bar zaɓen halifa a hannun mutum shida: Usman, Ali, Ɗalha, Zubair, Abdurrahman da Sa'ad. Ɗansa Abdullahi zai halarta amma ba shi da rabo a kujerar. A nan ne ya bayyana wa kowa cewa bai sauke Sa'ad don gazawa ko ha'inci ba, ya ce in ba a zaɓe shi ba to wanda aka zaɓa ya nemi taimakonsa.

Ya aika Abdullahi wurin A'isha (RA) ya nemi izinin a binne shi kusa da abokansa biyu, ya hana a kira shi Amirul Muminina a saƙon. Ta yarda. Duk da haka ya yi wasiyya cewa idan an ɗauko gawarsa a sake neman izini, in ta ƙi a kai shi maƙabartar Musulmi. Aka sake nema, ta sake yarda. Suhaib ya yi masa salla, aka binne shi a ɗakinta kusa da Manzon Allah (SAW) da Abubakar, yana da shekara 63. Allah Ya ƙara masa yarda.

Allah ne Mafi sani.