Malam Muhammadu Al-Kashnawi: Gwanin Lissafi Daga Katsina

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu mun ɗauki lissafi dodo, muna ganin sarrafa alƙaluma da kwamfuta sai Bature. To, ga tarihin wani namu da ya riga mu gidan gaskiya kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wato Bafulatani Bakatsine. Cikin malamansa akwai Muhammad Alwali na ƙasar Bagirmi. Ya ƙware a lissafi da ilmin taurari. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi, wato zanen gidaje da ake cikawa da lambobi. Ku gwada a allo: gida 9, lamba 1 zuwa 9, kowane layi a tsaye, a kwance da a karkace ya ba da 15. In gida 25 ne, jimillar 65 ce. Malam bai bi hanyar cinke ba. Ƙa'idoji ya shimfiɗa: inda za a aza lambar farko, da yadda za a riƙa matsawa har gidajen su cika. Duk wanda ya bi matakan daidai, amsa ɗaya zai samu.

Wannan shi ne tushen rubuta wa kwamfuta umarni. Masu bincike a yau suna amfani da manhajoji irin su R da Python, su zuba bayanai layi-layi, su jera matakai, kwamfuta ta bi. Da haka ɗalibin Kiru zai iya nazarin sakamakon jarrabawar ajinsu, ko buhunan masarar da aka girbe a Doguwa da Tudun Wada shekara bayan shekara. In mataki ɗaya ya karkace, amsa ta lalace, kamar dai hatimi.

Malam ya gargaɗi ɗalibansa kada su karaya in aiki ya yi wuya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

Shi da tawada da alƙalami ya yi nasa. Mu kuwa mene ne uzurinmu? Allah ya jiƙansa da rahama, amin.