Alhaji Mamman Shata Katsina da Makomar Ƙungiyoyin Kiɗa na Zamaninsa

A cikin makaɗan baka na Hausa waɗanda zamanin rediyo da faifai ya riska, babu wanda sunansa ya kai inda na Alhaji Mamman Shata Katsina ya kai. Amma in aka ajiye maganar shahara, aka dubi yadda ya gina ƙungiyarsa, sa'an nan aka gwama ta da ta sauran manyan makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji na Haɗeja, za a tarar da wani abin mamaki. Mutumin da ya fi kowa barin waƙoƙi a bakin jama'a, shi ne kuma ya bar gurbin da ya fi kowanne wuyar cikewa. Dalilin haka yana cikin tarihin rayuwarsa.

An haifi Shata a garin Musawa na ƙasar Katsina cikin shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Hausa ta wancan lokaci, domin kuwa kiɗa sana'ar gado ce, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Wanda ya shige ta ba da gado ba, ɗan haye a ke ce masa, kuma danginsa su kan ɗauki abin tamkar zubar da girma, saboda ana ganin duk mai waƙa maroƙi ne. Saboda haka mahaifinsa bai so ba. Shata ya taɓa tallar goro, ya kuma yi ta alewa, amma zuciyarsa tana dandali, inda samari da 'yan mata su ke taruwa da dare. A can ya fara waƙa, ba don kuɗi ba tukuna.

Daga Musawa ya koma Bakori da zama, yana yawon waƙa garuruwa da ƙauyuka. Tauraronsa ya haska sosai a shekarar 1952, a wajen bikin 'ya'yan sarki da aka yi a birnin Kano, inda manyan ƙasa su ka ji shi da kunnensu. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin da ya zama gidansa har kusan ƙarshen rayuwarsa.

Abin kiɗan da ya zaɓa shi ne kalangu. A al'ada kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata, ba shi da wata martaba a ƙofar fada, inda kotso da taushi da jauje su ke da iko. Shata ya ɗauki wannan ganga ta talakawa ya kai ta gaban sarakuna, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa da ita, ya kuma yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata da sojojin da su ka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Shi ya sa manazarta su ke sa shi a sahun makaɗan jama'a, wato waɗanda ba su da ubangida guda ɗaya wanda in ya faɗi su faɗi tare da shi.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a dubi tsarin ƙungiyar tasa. Shata ba ya kaɗa kalangu a wurin wasa. Makaɗa suna kiɗa, 'yan amshi suna riƙe da amshi, shi kuwa yana zuba ɗiyan waƙa. Amshin gajere ne, sau da yawa layi ɗaya tak, ana maimaita shi daga farko har ƙarshe. Duk nauyin waƙar yana wuyan jagora. Nan take ya ke ƙirƙira, yana duban wanda ya shigo fili da wanda ya yi kyauta da wanda ya noƙe, kowa ya ba shi rabonsa na yabo ko zambo. Saboda haka da wuya ya rera waƙa sau biyu ta fito iri ɗaya, kuma ko Bakandamiyarsa akwai ta kashi-kashi, gwargwadon wurin da aka yi ta da lokacin da aka ɗauka. Ɗan amshin da ya shekara ashirin a bayansa zai iya haddace amshi ɗari, amma abin da ya sa waƙar ta zama ta Shata ba a hannunsa ya ke ba.

In aka juya wajen Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai a ga akasin haka. Shi ɗan gado ne, ya tashi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa wansa Abdu Kurna amshi kafin ya zama jagora, kuma 'ya'yansa su ne 'yan amshinsa. Waƙar kotso irin tasu shiryayya ce. A kan zauna a tsara ta, jagora ya fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari nasu. Ke nan kowane ɗan amshi yana ɗauke da rabin waƙar a kansa, kuma yana koyon jagoranci tun yana bayan ubansa. Wannan ya sa da Ɗanƙwairo ya kwanta dama ƙungiyar ba ta watse ba, 'ya'yansa su ka ci gaba da kai kotso fada.

Narambaɗa kuwa wani sha'ani ne daban. Makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, kuma ya rasu tun farkon shekarun 1960, kafin kaset ya cika kasuwa. Abin da aka ɗauka na muryarsa kaɗan ne in aka kwatanta da na Shata, amma saboda zurfin azancinsa da nauyin Hausarsa, ya samu mazauni a sassan koyar da Hausa na jami'o'i, inda har yanzu ɗalibai su ke tsefe ɗiyan waƙoƙinsa. Ana iya cewa malamai ne su ka gaje shi.

Saura masu kiɗan tsirkiya, waɗanda su ke kaɗa wa kansu. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa ne kawai, yana wa'azi da gargaɗi a kan aure da halin ɗan Adam da wahalar karen mota. Haruna Uji, wanda ya rasu a 2003, ya riƙe gurmi, ya kuma yi fice a waƙar soyayya a lokacin da manyan makaɗa ba su cika kula ta ba; waƙarsa ta Jummai ita ce shaida. A Haɗeja da garuruwan fadamar koginta, irin su Auyo da Miga, ana ɗaukarsa ɗan gida, kuma kunnen mutanen wannan yanki ya saba da gurmi tun kafin rediyo ta kai shi nesa. Irin waɗannan ba su da babbar ƙungiyar da za a gada, sai dai salo, kuma salon Uji na faɗar so a fili ya riga waƙoƙin soyayya na finafinan Hausa zuwa da shekaru masu yawa.

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A birnin Siyatil na Amurka, cikin ƙungiyoyin kiɗan jita mai amo da a ke kira grunge, ƙungiyar Nirvana ta watse da mutuwar jagoranta Kurt Cobain a 1994, alhali Alice in Chains ta sami sabon mai rerawa bayan mutuwar Layne Staley a 2002 ta ci gaba. Duk da haka Nirvana ce sunanta ya fi yawo a duniya, kamar dai yadda na Shata ya fi yawo a nan.

Shata ya ga girmamawa da idonsa. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sa'an nan a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka shiga kiransa Dokta. Ya taɓa siyasa har ya riƙe muƙamin kansila da na shugaban jam'iyya a ƙaramar hukuma, amma wannan ba wani babi ne mai tsawo a rayuwarsa ba, kuma da a kansa za a auna shi da ba a daɗe ana tunawa da shi ba.

Ya rasu a asibitin koyarwa na Aminu Kano ranar 18 ga watan Yuni 1999, aka kai shi Daura aka yi masa sutura, a garin sarkin da ya daɗe yana yi wa waƙa. Bayansa an samu waɗanda su ka tsaya gaban kalangu, har da na gidansa, to amma yawanci tsofaffin waƙoƙinsa su ke maimaitawa kamar yadda kaset ya adana su, wato suna haddace abin da shi bai taɓa haddacewa ba. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa su ka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah. Waƙoƙin da aka ɗauka a faifai da kaset da gidajen rediyo sun koma cikin wayoyin hannu, ana jin su a tasha da kasuwa da cikin mota. Waɗanda ya yi a dandalin Musawa da Bakori da gidajen biki, inda babu na'urar ɗaukar murya, sun tafi tare da waɗanda su ka halarta.