Holt Koliya, Maharbin Beyar

Idan rani ya yi, samarin ƙasar Gwandu da Kalgo sukan fita farauta da karnuka da gora, ƙanana na biye suna riƙon zomo. Ba a barin yaro ya shiga gaba sai manya sun ga ya san daji. Haka abin ya ke a Amurka, sai dai dabbar da a ke nema can, wato beyar, babu irinta a ƙasarmu. Baƙa ce, mai yawan gashi, ta fi ƙaton mutum nauyi, da mari ɗaya takan kashe kare.

An haifi Holt Koliya a ƙasar Misisifi wajen shekarar 1848. Baƙar fata ne, kuma cikin bauta ya tashi. Tun yana ƙarami ubangijinsa ya ba shi kiwon karnukan farauta. Aikin ba mai daraja ba ne, amma nan ya koyi abin da ya fi harbi wuya. Ya san muryar kowane kare, ya san haushin da su ke yi in suna bin sawu, da wanda su ke yi in sun ritsa dabba. Sa'an nan aka ba shi bindiga. Yana da shekara 10 ya kashe beyar ta fari, daga nan aka ɗora masa neman naman da ma'aikatan gandu za su ci.

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, ya ci gaba da sana'arsa. An ce ya kashe beyar fiye da 3,000.

A watan Nuwamba 1902 Shugaban Amurka Tiyodo Rusbelt ya zo farauta, aka zaɓi Koliya ya yi masa jagora. Ya tsai da Shugaba a wani wuri, ya shiga kurmi da karnuka. Da jira ya yi tsawo, sai Shugaba ya koma zango cin abinci. Ashe daidai wurin nan karnuka za su koro beyar! Ta faɗa cikin ruwa, ta cafke kare guda. Koliya ya ƙi harbi, don an ajiye ta domin baƙo. Ya shiga ruwan, ya buga mata gindin bindiga a ka, ya jefa mata igiya, ya ɗaure ta jikin itace.

Da aka kirawo Shugaba ya ga dabba a ɗaure, ta galabaita, sai ya ƙi harbinta, gama wannan ba farauta ba ce. Jaridu suka baza labarin, har aka riƙa ɗinka 'yar tsana mai siffar beyar ana kiranta Tedi, laƙabin Shugaban.

Koliya ya rasu a garin Girinbil a 1936. A lokacin beyar ta kusa ƙarewa a Misisifi saboda yawan harbi da saran kurmi. A 2004 gwamnatin Amurka ta keɓe wani daji a can don tsaron namun daji, ta sa masa sunansa.