Harriet Tubman: Baiwar da ta kuɓuta, ta koma ta kuɓutar da wasu

An haife ta wajen shekarar 1822 a gundumar Dorchester da ke jihar Maryland ta Amurka, aka raɗa mata suna Araminta Ross. Iyayenta bayi ne, saboda haka da ƙangin bauta ta buɗe ido. Tun tana ƙarama ubangidanta yake ba da hayarta ga wasu gidaje, tana raino, tana shan bulala duk lokacin da jariri ya yi kuka.

Tana 'yar budurwa wani mai tsaron bayi ya jefi wani bawa da ƙarfen awo mai nauyin kusan kilo ɗaya, jifan ya kauce ya same ta a ka. Raunin bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta: ciwon kai mai tsanani, da barci da ke kwashe ta ba zato, da mafarkai da ta ɗauka ishara ce daga Ubangiji. Wajen 1844 ta auri John Tubman, baƙar fata mai 'yanci, ta kuma ɗauki sunan mahaifiyarta, Harriet.

Da ubangidanta Edward Brodess ya mutu a 1849, ta tabbata za a sayar da ita kamar yadda aka sayar da 'yan'uwanta mata uku. Ta gudu tare da 'yan'uwanta maza biyu, amma suka karaya, dole aka juyo. Ba da jimawa ba ta sake fita ita kaɗai, tana tafiyar dare tana bin tauraron arewa, har ta kai Filadelfiya bayan tafiyar kusan kilomita 145.

Da wata ce, nan labarin zai ƙare. Ita kuwa komawa ta yi, kuma a lokaci mafi haɗari, domin dokar 1850 ta wajabta kama bawan da ya gudu ko da ya shiga jihar da ta haramta bauta. Cikin shekara goma ta koma Maryland kusan sau 13, ta fito da mutum wajen 70, har da 'yan'uwanta da tsofaffin iyayenta, ta kai da yawansu garin St. Catharines na Kanada. An daɗe ana cewa mutum 300 ta ceto, amma binciken masana tarihi bai tabbatar da hakan ba, kuma ba ta bukatar ƙarin gishiri.

Hanyar da ta bi ita ake kira Layin Dogo na Ƙarƙashin Ƙasa. Sunan na iya ruɗar mai karatu: babu jirgi, babu rami. Jerin gidaje ne na amintattun mutane, baƙaƙe da farare, irin su Thomas Garrett da William Still, masu ɓoye bayi su miƙa su gaba. Harriet ba ta iya karatu da rubutu ba, amma ta san daji da fadama kamar yunwar cikinta. Takan zaɓi lokacin sanyi saboda tsawon dare, ta tashi da mutanenta daren Asabar, tun da jaridu ba sa buga cigiyar bayi sai Litinin. Tana riƙe da ƙaramar bindiga, ba don masu farautar bayi kaɗai ba, har don tsorata duk wanda gwiwarsa ta yi sanyi ya nemi komawa, domin komawar mutum ɗaya na iya tona asirin kowa. Ba ta taɓa rasa ko mutum ɗaya a hanya ba, abin da ya sa aka yi mata laƙabi da Musa. Amma ba kullum ta dawo da farin ciki ba. A 1851 ta je ɗauko mijinta ta tarar ya auri wata, a 1860 kuma ta je ceto 'yar'uwarta Rachel ta iske ta rasu.

A yaƙin basasa ta yi wa rundunar Arewa aikin jinya da leƙen asiri. A watan Yunin 1863 ta yi wa dakarun Kanar James Montgomery jagora a farmakin kogin Combahee a jihar South Carolina, aka 'yantar da bayi fiye da 700. Gwamnati kuwa ta yi ta jan ƙafa a kan haƙƙinta. Sai a 1899 aka tsayar mata da fanshon dala 20 a wata.

Ta ƙare rayuwarta cikin rashi a garin Auburn na jihar New York, tana fafutukar ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, tana kuma kula da tsofaffi marasa galihu a gidan da aka buɗe a 1908 kan filin da ta bayar. A can ta rasu ranar 10 ga Maris, 1913, sakamakon ciwon huhu, aka binne ta da girmamawar soja. A 2016 Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta sanar da shirin sanya hotonta a takardar dala 20, a watan Nuwamban 2024 kuma jihar Maryland ta ba ta muƙamin Birgediya Janar na girmamawa, shekara 111 bayan rasuwarta.