Kumandan Kusto, Mutumin da Ya Buɗe wa Jama'a Ƙofar Teku

A zamanin nan akwai wani irin yawon hutu da masu hali suke yi, wanda ba a sauka masauki a cikinsa. Mutum ya biya kuɗi ya shiga ƙaramin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, tare da baƙi kamar ashirin, su yi nisa da gaɓa har mako guda ko fiye. A cikin jirgin suke ci, a ciki suke kwana, kowace rana kuma su goya tukwanen iska su nutsa sau uku ko huɗu, domin kallon kifaye da duwatsun murjani. Ana yin haka a Bahar Maliya, da tsibiran Maldib, da Indunusiya, da Galapagos. To, ƴan uwa masu karatu, in aka bi sawun wannan al'ada za a tarar da wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Jacques-Yves Cousteau, wanda duniya ta sani da Kumandan Kusto. Tarihinsa ne za mu kawo maku yau.

An haife shi ran 11 ga watan Yuni na 1910 a wani ƙaramin gari kusa da birnin Bordo. A 1930 ya shiga lakkol ta hafsoshin sojan ruwa, burinsa kuwa shi ne tuƙin jirgin sama. Sai ga shi a 1936 ya yi mummunan hatsarin mota, hannuwansa biyu suka karye, wannan buri ya rushe. Domin hannuwan su sake yin ƙarfi ya riƙa yin iyo kullum a bakin teku kusa da Tulon. A nan wani hafsa abokinsa, Filip Tayye, ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Da ya sa fuskarsa cikin ruwan ya ga kifaye da ciyayi sarai, tun daga ran nan hankalinsa ya koma ƙarƙashin teku. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

A wancan lokaci mai nutso yakan sa hular ƙarfe mai nauyi da takalman darma, ana tura masa iska ta wata doguwar mesa daga cikin jirgi, yana tafe a ƙasan ruwa kamar dabbar da aka ɗaure a turke. Dalili shi ne ruwa yana da nauyi: a zurfin metir 10 abin da ke danne jikin mutum ya ninka na bisa tudu sau biyu, huhu kuwa ba ya iya jawo iska sai ƙarfinta ya yi daidai da na ruwan da ke kewaye. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu Kusto ya sadu da wani injiniya, Emil Ganyan, wanda ya ƙera wata ƴar na'ura ta tafiyar da mota da iskar gas saboda ƙarancin man mota. Su biyu suka gyara ta yadda za ta saki iska daga tukunyar da mutum ya goya a duk lokacin da ya ja numfashi, da ƙarfin da ya dace da zurfin da yake. Suka gwada ta a kogin Marn a farkon 1943, sa'an nan a Bahar Rum. Daga 1946 aka fara sayar da ita, nutso ya fita daga hannun ƴan ƙalilan. Amma fa ba a samu wannan ilimi a ɓagas ba, domin a 1947 wani daga cikin mutanensu, Moris Farg, ya kai zurfin metir 120 ya rasa ransa.

A 1950 wani attajiri, Lowel Ginis, ya sayi wani tsohon jirgin katako na share nakiyoyin ruwa, mai tsawon metir kamar 42, ya ba Kusto hayarsa a kan tamma guda a shekara. Sunan jirgin Kalipso. Aka shirya shi ya zama gida da wurin aiki gaba ɗaya, da ɗakunan kwana, da madafa, da injin cika tukwanen iska, da wani ɗan ɗaki mai tagogi a ƙarƙashin goshinsa inda ake kallon ruwa. Matarsa Simon, wadda ya aura a 1937, ta tare a cikin jirgin, har ta fi mijinta daɗewa a cikinsa. A ƙarshen 1951 suka tashi tafiyarsu ta farko zuwa Bahar Maliya. Wannan zama na makonni bisa ruwa, yau a wannan tsibiri gobe a wancan, shi ne irin zaman da masu yawon hutu suke biya su ɗanɗana yanzu.

A tsakiyar shekarun 1950 mutanen Kalipso suka gano Tisilgom, wani jirgin kaya na Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941 kusa da yankin Sinai, cike da motoci da babura da makamai. A 1956 fim ɗinsa mai suna Le Monde du silence, watau duniyar shiru, wanda ya yi tare da Luwi Mal, ya ci babbar kyauta ta bikin silima na Kan, ya kuma ci kyautar Oska ta Amurka a 1957. A 1963 ya koma Bahar Maliya, a wani wuri da ake kira Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, ya kafa gida na ƙarfe a zurfin metir 10, inda mutanensa suka zauna wata guda cur suna aiki ba su hau tudu ba. Daga 1968 kuma finafinansa na talabijin suka shiga gidajen miliyoyin mutane. Wasu ne suka kafa sana'ar kai baƙi nutso, amma shi ya ba su kayan aiki, shi ya nuna wuraren, shi kuma ya sa wa jama'a sha'awa.

Sai dai adalci ne a faɗi inda ya yi ɓarna. A fim ɗin nan na 1956 an nuna mutanensa suna fasa nakiya a kan murjani domin su ƙidaya kifayen da suka mutu, an kuma nuna su suna karkashe manyan kifaye masu cin nama. A 1954 ma ya yi wa wani kamfanin Ingila aikin neman man fetur a ruwan Abu Dabi domin samun kuɗin tafiyar da jirgi. Amma da yake yana komawa wuraren da ya sani shekara da shekaru, ya ga da idonsa yadda kifi ke raguwa, ruwa yana gurɓata, sai ya sake hali. A 1960, yana shugaban gidan nazarin teku na Monako, ya tashi tsaye ya yi adawa da shirin zubar da dattin nukiliya a Bahar Rum, aka kuwa fasa. A farkon shekarun 1970 ya kafa ƙungiya ta kare teku. Yana cikin waɗanda suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta hana haƙar ma'adinai a yankin ƙanƙara na Antaktika.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da baƙin ciki iri iri. Ɗansa Filip, wanda ya so ya gaje shi, ya rasu a hatsarin jirgin sama a ƙasar Fotugal a 1979. Simon ta rasu a 1990. A 1995 ya kai babban ɗansa, Jan Mishel, gaban shari'a saboda ya sa sunan gidansu a wani masaukin ƴan yawon hutu a tsibiran Fiji. A watan Janairu na 1996 wani jirgin dako ya buge Kalipso a tashar Singafo ya nutse, sai da aka tsamo shi. Kusto ya rasu a birnin Pari ran 25 ga watan Yuni na 1997, yana da shekara 87.

Jirgin Tisilgom da ya gano ya zama ɗaya daga cikin wuraren nutso da suka fi cika da baƙi a duniya, har yawan ɗaure jirage a jikinsa ya yi masa lahani. Kufan gidansa na Sha'ab Rumi yana nan murjani ya lulluɓe shi, jiragen baƙi sun yi shekaru suna zuwa ganinsa, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kawo cikas. Wannan sana'a tana ciyar da matuƙa da masu dafa abinci da ƴan jagora masu yawa, tana kuma sa hukumomi su keɓe wasu wurare su hana kamun kifi a cikinsu. Amma murjani halitta ce mai rai, wadda ba ta girma sai ƴan santimetir a shekara, ƙarfen tsayar da jirgi guda kuwa yana iya farfasa abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana ginuwa, ga kuma ɗumamar ruwan teku da ke kashe shi. Kusto ya yi rabin rayuwarsa yana kiran mutane su zo su ga teku, ya yi sauran rabin yana roƙonsu su kiyaye ta. Kira na farko an amsa shi tuni, na biyun ne ya rage a wuyan waɗanda suka biyo bayansa.