Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar da Ta Kai Karatu Har Ƙofar Gida

Allah Ya maimaita mana wannan biki na zagayowar shekarar ƙungiyarmu. Da aka ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo rubutu, sai muka ce bana ba zancen ciniki ko adashi za mu yi ba. Tarihin Nana Asma'u za mu bayar, don akwai abin da ya shafe mu da 'ya'yanmu a cikinsa.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. 'Yan biyu ne, ita da ɗan uwanta Hassan. A gidan Shehu ba a ware mace a ce karatu na maza ne, shi ya sa ta tashi da allo a hannu. Ba a cikin kwanciyar hankali ta yi karatun ba. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan sai yaƙi, da yunwa, da tashi daga wannan sansani zuwa wancan. Duk da haka ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayanta. Ga miji, ga 'ya'ya, ga baƙi ba sa yankewa a gidan Waziri, amma ba ta ajiye alƙalami ba. Rubuce-rubucenta da suka iso zamaninmu sun haura 60. A ciki akwai wata gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani gaba ɗaya, ta yi ta da Fulatanci, da Hausa, da Larabci, don kowa ya samu da harshen da yake ji. Ita ce kuma ta mayar da waƙar Shehu, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne 'Yan Taru. Bayan yaƙi ya lafa, ta duba ta ga mata da yawa a ƙauyuka ba su da hanyar zuwa wurin malami: wata goyo, wata noma, wata nisan gari. Ba ta zauna tana jiran su zo ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta karantar da su, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don a gane ta a girmama ta. Jaji kan taho daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, tunda matan aure masu shayarwa ba sa iya barin gida. Su ɗauki karatu cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, su koma su bi gida-gida suna koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Tsarabar da suke kawo mata, irin su zuma da man shanu da hatsi, takan raba wa mabuƙata.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Yau ga makarantun mata nan da yawa a Arewa suna amsa sunanta. Allah Ya jiƙanta da rahama.

To, 'yan uwa, ina mu a cikin wannan labari? Da yawanmu sai da muka kai shekara 40 kafin muka iya rubuta sunanmu. Mun san zafin abin. Mun dangwala yatsa a takardar da ba mu san me ke ciki ba. Mun ba da kaya bashi, aka zo biya aka yi mana gardama, ba mu da rubutu balle hujja. Likita ya rubuta magani, sai mun nemi ɗan maƙwabta ya karanta mana. Amma mu faɗi gaskiya, mu ɗin nan da muka sha wannan wuya, mu ne ke ɗora wa yarinya farantin talla da hantsi, lokacin da sa'o'inta ke aji. Kuma a unguwanninmu akwai kurma, akwai makaho, akwai gurgu, an bar su a tsakar gida kamar ba a yi karatu dominsu ba. Nana Asma'u ta fara lissafinta ne daga wadda ba ta iya zuwa.

Shawararmu ga uwayen ƙungiya guda uku ce. Na farko, talla ta koma bayan an tashi daga makaranta. Na biyu, kowace a cikinmu da ta iya haɗa baƙi, ta zama jaji a layinsu: bayan magariba ta zaunar da yara biyu ko uku, har da wanda ba a kai shi makaranta, su yi ko layi ɗaya ne. Na uku, a ware wani abu daga ribar bana don littafi da fensir, da kuɗin motar kai yaro mai buƙata ta musamman makarantar da za ta karɓe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada 'ya'yanmu su jira shekara 40 kamar yadda muka jira.

Allah Ya sa albarka a kasuwarmu da zuriyarmu, amin.