Abdu Mumuni, malamin da ya so rana ta yi mana girki

Ƴan uwa na Urno, na gida da na wurin biɗa, da yawa cikinmu suna da ɗa ko ƙane a jami'ar Yamai, amma kaɗan ne suka san mai sunan da ke bisa ƙofarta. To ga labarinsa.

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa cikin 1929. Daga lakkol ta ƙasarmu aka kai shi Wilyam Ponti ta Sanagal, inda Nasara ke horon malaman lakkol, daga nan ya zarce Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta ilmin fizik, wadda ba ɗan ƙasashen baƙar fata na renon Faransa da ya ci ta kafinsa.

A 1964 ya fitar da littafi kan tarbiyya da karatu a Afirka. Cikinsa ya nuna lakkol ɗin Nasara an kafa ta ne don a samu akawu da tafinta. Ya nemi a fara ma yaro karatu da harshen uwarsa, a kuma koya ma manya, maza da mata, karatu da rubutu da lissafi da harshen da suke ciniki da shi. Mu da aka hora da Faransanci mun san zafin wannan magana. Kullum muna tsaye gaban yara suna maimaita abin da ba su ji ba, kuma yayyenmu ba su manta da samboli ba, wanda ake rataya ma yaro in ya yi Hausa. Sai a 1973 aka buɗe lakkol ta gwaji da Hausa a Damagaram.

Bayan aiki a Bamako, ya komo gida a 1969, ya riƙe ma'aikatar binciken ƙarfin rana, ONERSOL. Can suka ƙera murhun rana, da abin ɗuma ruwa, da na busar da kayan lambu. Duk wanda ya ga uwayenmu sun fita neman icce tun asuba, sai hantsi su komo, ya san abin da malamin ya hango. Macen da ta wuni haka, da wane ƙarfi za ta zo ajin yaƙi da jahilci da marece?

Gaskiya murhun bai kai garuruwanmu ba. Ya yi ma talaka tsada, ga shi tuwonmu na dare ne, lokacin da rana ta faɗi. Amma farantan rana da ƴan biɗa ke aiko mana yau don fitila da cajin waya, hanyar da ya nuna ce tun ana yi mata kallon wasa.

An naɗa shi shugaban jami'ar Yamai a 1979. Ya rasu a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, aka sa ma jami'ar sunansa a 1992. Allah ya jiƙansa.